Ɗigon Fa a Ƙasa: Hannun Kakanninmu da Allunan Nima

Ranar wata Litinin bayan hutun Babbar Sallah, wata ɗalibata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta tsaya bayan an tashi, ta zaro wata takarda daga cikin littafin lissafinta. Takardar ta yi ja, bakinta ya cinye, an ninke ta har layin ninkin ya kusa raba ta biyu. Ta ce a cikin adakar kakanta ta same ta, lokacin da ake share ɗakinsa bayan adu'ar arba'in.

"Malam, ashe kakana bai iya rubutu sosai ba," in ji ta. "Duba, duk fa ɗinsa a ƙasa ya sa ɗigo. Ƙaf kuma ɗigo ɗaya kawai ya ba shi."

Na karɓa na duba. Haruffa ne masu kauri, baƙi wuluk, a zaune daram kan layi, wasulan da jan tawada. Na gane hannun nan take, domin da shi na fara karatu a kan allo kafin a sa ni boko. Na ce mata kakanta bai yi kuskure ba ko ɗaya. Sai ta ce to in karanta mata. A nan ne kunya ta kama ni. Na iya fitar da basmala da sallama, na gane cewa sauran Hausa ce aka rubuta da ajami, amma na yi ta tuntuɓe kamar ɗan babbaƙu. Ni da na yi shekara uku a kwalejin horon malamai, nake koya wa yara Turanci kullum, wasiƙa mai layi goma sha huɗu da harshen uwata ta gagare ni.

Ranar Asabar muka kai takardar wurin wani dattijon malami a Mamobi, ni da yarinyar da kawunta. Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya karance ta tas ba tare da ya tsaya ba. Wasiƙa ce daga wan kakan, daga Kumasi: ya aiko da goro a mota, a ba wane kuɗinsa, a sa yaro makaranta kada ya lalace a tasha. A ƙarshe ya ambaci sunan mahaifiyarsu da sunan garin da ta fito a ƙasar Katsina. Kawun ya yi shiru, sannan ya ce shekara da shekaru suna gardama a gidan kan wannan gari, ashe amsar tana cikin adaka.

Tun ranar nake kallon haruffan da ke kewaye da mu a Nima da wani ido dabam. Kowane harafi yana da sura, kuma surar tana da tarihin inda ta fito.

Hannun da ya zo da ayarin goro

Rubutun da yarinyar ta ɗauka kuskure ne, da shi Musulmin Afirka ta Yamma suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu. Asalinsa hannun Magrib ne, wato Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Andalus, shi kuma ya tsiro daga rubutun Kufi na farkon Musulunci. A can aka saba ɗiga wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. In nun ko fa ko ƙaf suka zo ƙarshen kalma, sau da yawa akan bar su babu ɗigo, don siffar wutsiyarsu ta isa ta nuna ko su wane ne. Da wannan hannu ya ƙetaro Sahara ya zauna a Borno da Kano, sai ya ƙara kauri da nauyi, har masana suka ba shi sunaye nasa, Barnawi da Kanawi. Mu dai a makarantar allo rubutun Warshu muke ce masa, saboda da shi ake rubuta Alƙur'ani a ruwayar Warshu daga Nafi'u.

Kaurin nan kayan aiki ne suka haife shi. Alƙalamin kara ne ko na gamba da aka fiƙe bakinsa da faɗi, tawadar gawayi da ƙaro, da allon itace da za a wanke gobe. Dattijon nan na Mamobi ya ƙara mini da cewa almajiri da daddare yake karatu a gaban wutar kara, siririn harafi ba zai ganu ba. Launi ma da aikinsa: baƙi na haruffa, ja na wasali, rawaya na hamza, kore na alifin da ake sadarwa. Mai karatu yana ganin launin ya san abin da bakinsa zai yi. Akwai kuma zayyana, wato adon da ake yi a kan hizifi da wurin sujada da allon wanda ya sauke, da'ira da murabba'i da saƙa masu shiga juna. Takardun ba a ɗinke su, a tadarishi ake haɗa su a sa a gafaka. Yawancin takardar ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta hamada, in ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta.

Har sunayen siffofin haruffa muna da su da Hausa. Wanda ya yi allo zai tuna ba guje, da mim jaye, da ha kuri, da kaulasan, da nun ara. Waɗannan sunaye suna faɗa wa yaro yadda harafin yake tsayawa, ko a farkon kalma ko a ƙarshe, ko yana gudu zuwa ga na gabansa ko ya naɗe. Abin da masu tsara haruffa a kwamfuta suke yi wa dogon bayani yau, alarammomi sun daɗe da raɗa masa suna.

Fataken goro ne suka kawo mana wannan hannu ƙasar Gonja. Salaga ce babbar kasuwa, kuma da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892 mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da nan Ankara tamu ta Gana. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich tarihin ƙasashen Hausa da ajami. A nan ƙasar ne kuma Malam Shaihu ya rubuta wa Rattray tatsuniyoyi da al'adun Hausa, aka buga su a Oxford a 1913 cikin juzu'i biyu, da hoton hannun malamin kansa a shafukan. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tara ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce, Ivor Wilks yana jagoranci, Alhaji Usmanu Boyo yana bin gidajen malamai gari gari. Daga Nima zuwa Legon trotro ɗaya ne ko biyu. Ɗalibaina ba wanda ya taɓa jin labarin.

Ajami bai ɗauki haruffan Larabci ya bar su yadda suke ba, sai da ya gyara su suka dace da bakinmu. Ɗa mai hannu ta tsaya wa ɗ, ƙaf ta tsaya wa ƙ, harafin sa mai ɗigo uku ya tsaya wa c. Wasalin e kuwa, wanda babu shi a Larabcin da aka saba, ɗigon imala na Warshu aka aro masa, babban ɗigo a ƙarƙashin harafi. Wanda bai taɓa ganin Warshu ba, ba zai san me ɗigon yake yi a wurin ba. Shi ya sa in hannun ya tafi, karatun ajami ma yake bin sa.

Yadda mushafin Madina ya sauya mana ido

Ba wanda ya hana rubutun Warshu. Injin buga littafi ne ya zo da wani hannu, ya kuma zo da shi da yawa. A 1924 aka buga mushafin Alƙahira a ruwayar Hafsu da hannun Naskhi, siriri mai tsabta, ya zama abin koyi a ƙasashen Musulmi da dama. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, da hannun Usman Ɗaha, mutumin Siriya. Duk alhajin da ya dawo yakan zo da kwafi. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Madina da Azhar suka dawo suka buɗe Islamiyyu. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, makarantu da yawa suka koma na Turanci da Larabci, aka ajiye allo aka ɗauki littafi da benci. Yanzu kuma waya ta zo, Alƙur'anin da ke cikinta kusan duk Hafsu ne.

Kada a fahimce ni a karkace. Hafsu da Warshu duk ruwayoyi ne ingantattu, Nafi'u ma da Warshu ya ɗauka daga gare shi limamin ƙira'ar Madina ne, kuma ita maɗaba'ar Madinar tana buga mushafin Warshu. Ni kaina a irin makarantar nan nake cin abinci, kuma na ga amfaninta: yaranmu suna fita da tajwidi da lissafi tare. Damuwata ita ce yaron da bai taɓa ganin hannu biyu ba zai ɗauka ɗaya ne kawai daidai. Daga nan sai ya kalli rubutun kakansa ya ce jahilci ne, kamar yadda ɗalibata ta yi ba da mugun nufi ba.

A Kano abin bai tafi haka ba gaba ɗaya. Can masu buga littattafai suka ɗauki hoton hannun gwanayen marubuta irin su Sharif Bala suka buga da inji, har mushafin ya cika kasuwa ya iso mana nan Zango. Wato injin ya bi hannun mutanen wurin. In kana da tsohon mushafi mai kaurin haruffa a gida, duba bayansa, da wuya ka ga ba daga Kano ko Zariya ya fito ba.

Ga kuma babban masallacin ƙasa da ke Kanda, nan kusa da mu, wanda aka buɗe a watan Yuli 2021. Turkawa suka gina shi bisa fasalin masallatan Usmaniyya na Istanbul, da hasumiya huɗu da ƙubbobi, rubutun cikinsa ma hannunsu ne. Yana da kyau ƙwarai, ina alfahari da shi in na kai baƙi. Turkawa sun kawo abin da suka gada, sun kuma san darajarsa. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, in mu ne aka ce mu ƙawata bango ɗaya a ciki da namu hannun, mutum nawa za mu samu a Nima da Mamobi da za su iya?

Daga buroshi zuwa inji

Lokacin da nake yaro, duk allon shagon da ke bakin titin Nima da hannu aka rubuta shi. Mai aski yana da allonsa da kawuna shida ko takwas, kowanne da irin askinsa. Mai wake da shinkafa tana da sunanta da jan fenti a jikin akwatin gilashi. Motocin haya suna da kalmominsu a goshi da baya. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 masu gidajen bidiyo suna sa a zana musu fostar fim a kan buhun fulawa, irin waɗanda yanzu Turawa ke saye suna ratayewa a gidajen tarihi. Masu fentin nan da yawa a unguwarmu sun yi allo, kuma in an ba su aikin masallaci ko makaranta, Larabcinsu da kaurin Warshu yake fita, don shi hannunsu ya sani.

Yanzu aikin ya koma shagunan buga fosta, musamman na New Town da ke maƙwabtaka da mu. Ya fi sauri, ya fi araha, hoton mutum yana fita kamar ka taɓa shi. Sanarwar aure, da suna, da adu'a, da maulidi, da tafsirin azumi, duk can ake kai su. Samarin da ke zaune gaban kwamfutocin suna da basira, ba na raina su. Sai dai zubin haruffan da ke cikin na'urar, wanda su suke kira fon, daga waje ya zo. In ka ce a sa Larabci, abin da zai fito shi ne na Masar ko na Dubai. In ka ce a yi ado na Musulunci, sai a jawo maka fitilar azumi ta Alƙahira da raƙumi da bishiyar dabino. Yaushe muka taɓa rataya irin wannan fitila a Nima? Zayyanar allonmu, da aska takwas ta gaban riga, da dagin da ke jikin hula da gini, ba ko ɗaya a cikin kwamfutar, don ba wanda ya sa su.

Bara ni aka ɗora wa buga kyallen walimar saukar ɗalibanmu. Na tura wa wani mai shago rubutun ta waya, Larabci a sama, Hausa a tsakiya, Turanci a ƙasa. Ban je na duba ba sai da aka buga, laifina ne wannan. Da muka warware kyallen a farfajiyar makaranta da safiyar walima, sai ga Larabcin ya fito harafi ɗaiɗai a warwatse, ba wanda ya riƙe ɗan uwansa, kuma daga hagu ya faro zuwa dama. Manhajar zanen ba a saita ta ta gane rubutun da ke tafiya daga dama ba, yaron kuma ba ya karanta Larabci, a idonsa ado ne ya fito lafiya. Layin Hausar ma bai tsira ba. Na rubuta muna maraba da manyan baƙi, zubin da ya zaɓa ba shi da ƙ, sai ya ga ɗan akwati a wurin ya goge ya sa k. Muka wayi gari muna maraba da manyan baki.

Wani dattijo cikin iyayen yara ya daɗe yana kallon kyallen, sannan ya ce, "Malam, wannan Larabcin na wace ƙasa ne?" Na ce, "Baba, na kwamfuta ne." Ya ce, "To a sauke shi, akwai sunan Allah a ciki." Muka sauke. Wani tsohon mai fenti da ya zo walimar jikarsa ya nemi farin yadi da buroshi, cikin minti arba'in ya rubuta mana wani da hannun allo. Shi aka ɗauki hoto da shi ranar.

Ƙugiyar da ta ɓace a boko

Haruffan boko masu ƙugiya su ma da tarihinsu, kuma tarihin ya ratsa ta ƙasarmu. A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsunan Afirka a Landan, ta fito da tsarin rubuta harsunanmu da haruffan Rumawa tare da ƙarin wasu sababbi. A 1927 gwamnatin Gold Coast ta gayyato Bajamushe Diedrich Westermann ya ba da shawara kan rubutun harsunan nan. Daga wannan aiki ɛ da ɔ suka zauna a rubutun Twi da Ga da Ewe. Daga gidan nan ɗaya ɓ da ɗ da ƙ suka fito, ofishin talifi na Zariya ya karɓe su a shekarun 1930 zamanin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam ta kai su ko'ina. Wato ƙugiyarmu da ɛ ɗin maƙwabtanmu 'yan uwa ne.

Matsalarmu da su ma ɗaya ce: madannan waya da na kwamfuta ba a yi su dominmu ba. Amma dubi yadda kowa ya yi da tasa. Mai rubuta Twi in bai samu ɛ ba sai ya sa lamba 3, in bai samu ɔ ba ya sa bakan rufe zance. Kana gani a fostoci da bayan trotro da saƙon waya. Abin ba kyan gani, amma yana nuna mutumin ya san akwai harafi a wurin kuma ya ƙi yarda ya ɓace. Mu kuwa shiru muke sauke ƙugiyar.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta: bakinmu a Zango ya riga ya sauke ta tun kafin waya. Yawancinmu nan ba ma bambanta kafa da ƙafa a furuci, 'yan uwanmu na Kano suna yi mana dariya a kai, mu ma muna rama musu da namu. Ba abin kunya ba ne, Hausar Gana Hausa ce da ta yi zama da Dagbani da Twi da Ga. Amma ba a koyar da rubutunta a makaranta. Ofishin harsunan Gana da aka kafa a 1951 yana buga littattafai da harsuna goma sha ɗaya, Hausa ba ta ciki, ko da yake gidan rediyon ƙasa yana watsa shiri da ita. Saboda haka kowa yana rubuta ta da ƙa'idar harshen da ya koya a aji. Waken da ke cikin shinkafa da wake ya zama waakye, da ky irin ta Twi. Kasuwa ta zama Kasoa, Zango ya zama Zongo. Allunan suna faɗin gaskiyar zamanmu: harshen da kowa ke ciniki da shi a kasuwar Laraba, amma da aron tufafi yake fita a rubuce.

Abin da maƙwabta suka yi da nasu

Asantawa suna da adinkra, alamomin da ake bugawa a yadi da sassaƙaƙƙen ƙoƙon duma, har yau ana yi a Ntonso kusa da Kumasi. Wani yadin da Bowdich ya ɗauka daga Kumasi a 1817 yana gidan tarihi a Landan. Da abin ya tsaya a yadin makoki da yanzu sai tsofaffi. Amma masu zanensu sun kwashe alamomin sun sa a kwamfuta, ana koyar da su a darasin zane a makaranta, ni kaina na koyar da su. Yau Gye Nyame tana jikin kujerar roba da muke haya a wurin suna, Sankofa tana ƙofar gida da tambarin kamfani. Duk yaron da ke shagon fosta yana da su a na'urarsa.

Namu ma hanya ta buɗe, mu ne ba mu sani ba. A 2016 hukumar Unicode, mai ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, ta ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka, masu ɗigo yadda kakan ɗalibata ya ɗiga. Akwai zubin haruffa mai suna Harmattan da aka yi don rubutun Warshu na yankinmu. A 2017 aka fito da wani mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun littattafan Kano, da kaurinsa da komai. Dukansu kyauta ne a intanet. Ƙungiyar SIL ce ta yi su, wadda tushenta aikin fassarar Baibul ne. Ban faɗi haka don zargi ba, sun yi aiki mai kyau sun kuma bar wa kowa. Na faɗa ne don mu ji nauyi: wasu sun zauna sun auna wutsiyar nun ɗinmu, mu muna kiranta kuskure. Haruffan boko masu ƙugiya kuwa, madannan Hausa suna cikin yawancin wayoyin yanzu, kunnawa kawai ake yi.

Masu hannu ma ba su ƙare ba. Moh Awudu, ɗan Nima ne, zanensa na bango ya kai shi ƙasashe. Ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art ta yi shekaru tana koya wa yaran unguwa zane. Akwai masu ɗinkin riga da hula a kowane lungu. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai buroshi da mai allo da mai kwamfuta a ɗaki ɗaya.

Abin da na gwada a aji

Bayan abin da ya faru da kyalle da wasiƙa, na roƙi shugaban makarantarmu ya ba ni awa ɗaya ranar Alhamis. Na kawo mushafi biyu na buɗe su a sura ɗaya, na Madina da na Kano, na ce yara su nemo bambanci. Suka samo ɗigon fa, suka samo launuka, wani yaro ya lura cewa kaf ɗin Kano kamar ya kwanta ya miƙe ƙafa. Mako na biyu kowa ya fiƙe alƙalamin kara ya rubuta sunansa da hannu biyun. Tawada ta ɓata riguna, iyaye biyu sun yi mini ƙorafi, na ba su haƙuri. Mako na uku na aike su da wayoyin iyayensu su ɗauko hoton alluna goma goma a unguwa, muka zauna muna tambaya: wannan wa ya rubuta, da hannu ko da inji, harafin daga ina ya zo? Yaran da ba sa magana a darasin Turanci su suka fi kowa surutu ranar.

Na kuma koma wurin mai shagon nan, ba da faɗa ba. Na sa masa Alkalami da Harmattan a kwamfutarsa, muka nemo inda ake kunna rubutun dama zuwa hagu, na nuna masa zubin boko da ke da ƙugiya. Ya ce, "Malam, ai da an gaya mini tun da." Kwanan baya ya turo mini hoton sanarwar maulidi da ya yi wa wata zawiya da hannun Kano, ya ce tsofaffin wurin sun tambaye shi wane malami ne ya rubuta.

Roƙona ga limamai da shugabannin makarantu da masu shirya taro kaɗan ne. Kafin a buga duk abin da ke da Larabci ko Hausa, a sa wanda ya iya karatu ya duba a fuskar kwamfuta. In za a yi takardar shaidar sauka, a ba mai zayyana ya zana gefenta a ɗauki hotonsa, maimakon a jawo fure daga intanet. Islamiyyu su nuna wa yara hannun Warshu ko da sau ɗaya a zango, don su gane shi in sun gamu da shi. Wanda kuma yake da adakar tsoho a gida, kada ya ƙone takardun don yana tsoron akwai ayoyi a ciki su wulaƙanta. Ya ɗauki hotonsu tukuna, ya kai wa mai iya karantawa.

Ɗalibata ta koma ta ƙirga, takardu goma sha ɗaya suka rage a adakar. Duk Asabar tana kai wa dattijon nan na Mamobi guda ɗaya, yana karantawa tana rubutawa da boko a bayan littafinta, yana kuma nuna mata haruffan da yatsa. Sun ci bakwai. Ya gaya mata ta riƙa zuwa da hantsi, don idonsa ba ya ɗaukar rubutu in rana ta karkata. Makon jiya ta ce mini layi biyu na farkon ta takwas ita ta karanta da kanta kafin ya karɓa.